Ba Hayaƙin Da Ido Ke Gani Ne Ke Kisa Ba

A farkon watan Janairu na shekara ta 2023, lokacin da ɗari ya yi tsanani a ƙasar Kano, rundunar 'yan sanda ta jiha ta ba da sanarwar rasuwar wani magidanci tare da matarsa a ƙauyen Kwa, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Bisa ga bayanin kakakin rundunar, SP Abdullahi Haruna Kiyawa, sun shiga ɗaki da daren ran 2 ga wata, suka hura gawayi domin su ɗumama ɗakin, suka kulle ƙofa, suka kwanta. Da aka ga gari ya waye har rana ta yi nisa ba a ji motsinsu ba, sai aka ɓalle ƙofar, aka tarar da su kwance a gado. An kai su Asibitin Murtala a birnin Kano, inda likita ya tabbatar rai ya riga ya yi halinsa. Binciken farko bai ɗora alhakin a kan kowa ba, sai a kan gawayin.

Jaridu sun buga labarin, kusan dukansu kuwa suka ce hayaƙin gawayi ne ya shaƙe su. Ba ƙarya suka yi ba, amma kalmar nan "hayaƙi" tana iya ɓad da mai karatu, har ta jefa shi cikin hatsarin da yake tsammani ya kauce wa. Kowace mace a ƙasar Hausa ta san yadda ake yi. A hura gawayi a tsakar gida, a yi ta fifita har hayaƙin ya ƙare, garwashi ya yi ja zur, sa'an nan a ɗauki kasko ko kurfoti a shiga da shi ɗaki. A ganinmu wannan shi ne yin hankali, gama mun bar abin da ke sa tari da hawaye a waje. Amma fa garwashin nan mai ja, wanda ba ya hayaƙi, ba ya harshen wuta, shi ne ke ci gaba da fitar da gubar a hankali har gari ya waye. Hayaƙin da ido ke gani yana da amfani guda: yana korar mutum daga ɗaki. Abin da ya rage bayansa ba ya korar kowa.

Sunan wannan iska a wurin masana kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma sa tari. Tana samuwa ne duk lokacin da abin ƙonawa, ko itace ne, ko gawayi, ko kalanzir, ko fetur, ko gas, ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Gawayi yana fitar da ita da yawa ko da a fili ne, sai dai a fili iska tana kwashe ta. A ɗakin da aka rufe kuwa ba ta da wurin zuwa. Bugu da ƙari, yayin da garwashi ke cinye iskar ɗakin, ƙonuwar tana ƙara lalacewa, gubar tana ƙara yawa. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka tana gauraya ko'ina, wanda ke kan gado da wanda ke kan tabarma duk tana kai musu. Ajiye kwanon ruwa kusa da kasko, ko barbaɗa gishiri a kan garwashi, ko yanka albasa, babu ɗaya da ke rage ta.

To, ai kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki, me ya sa ba ta ƙare su ba? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin ginin ɗakin. Ɗakin jinka yana numfashi ta cikin ciyawa, da ta ƙarƙashin rufi, da ta bakin asabari. Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau ya leƙa ƙauyukan Dawakin Tofa a yau, zai ga abin da ya maye gurbinsa: bulo da siminti, rufin kwano da silin, ƙofar ƙarfe, taga mai gilashi. Ci gaba ne, ba mu ce ba haka ba ne. Amma ɗakin da ya hana ƙura da sauro shiga, ya kuma hana guba fita. In hunturu ya zo, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka da asuba, sai a ƙara da cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a liƙe taga da leda ko kwali. Ɗakin amarya, wanda aka fi kowane gyarawa, aka cika da gado da kujeru da labule, shi ne sau da yawa ya fi kowane ƙarancin iska, ga kuma kaskon turaren wuta da ba ya rabuwa da shi. Haka ɗakin mai jego, inda ake ganin gata ne a tara wuta saboda uwa da jariri.

Sai kuma halin rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, tsadar sufuri ta bi kowane irin makamashi, gidaje da dama da suka saba da kalanzir ko gas suka koma ga gawayi. In kuwa ana ruwa ko iska, girki yakan koma cikin ɗaki. Ta fuskar lantarki ma, tun zamanin NEPA har zuwa lokacin da KEDCO ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, janareta bai bar gidajenmu ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mai janareta kuwa ya san ɓarayi, shi ya sa ba ya barinsa a waje da dare. Sai ya sa shi a zaure, ko a baranda, ko a banɗaki, ko a cikin shago ya jawo ƙofa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi cewa ƙaramin janareta guda yana iya fitar da wannan guba daidai da ta ɗaruruwan motoci na zamani, domin motocin suna da na'urar tace hayaƙi, shi kuwa ba shi da ita.

Mu da muke taruwa da dare domin addu'a, akwai abin da bai kamata mu manta ba. A watan Yuli na 2008, mutum 17 suka mutu a wurin taron addu'a a wani gida a jihar Abiya, bayan sun yi barci a rufe, janareta yana aiki. A watan Mayu na 2024 kuma aka tarar da gawar matasa bakwai a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Yenagoa, jihar Bayelsa, 'yan sanda suka danganta abin da hayaƙin janareta. Majami'ar ƙauye da ke ajiye inji a ɗan ɗakin da ke manne da bagadi, ko a gindin taga, domin gudun ɓarawo ko domin waya ba ta da tsawo, tana cikin wannan layi. Haka ɗakin da ake sauke baƙi lokacin taron zumuntar mata ko na matasa, inda mutum ashirin ke kwana a ajin makaranta da kasko a tsakiya.

Wani babban lissafin cututtuka na duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 28,900 ne wannan guba ta kashe bisa tsautsayi a shekara ta 2021. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan mutuwa da kyau, fiye da mutum 400 ke mutuwa kowace shekara, ban da waɗanda gobara ta ci. A wurinmu kuwa ba a cika binciken gawa ba, akan yi jana'iza da wuri, dangi su ce kwana ne ya ƙare. Abin da ya kai ga jarida shi ne na mutum biyu ko bakwai ko goma sha bakwai a dare ɗaya. Tsohuwar da ta kwana ita kaɗai da kaskonta, ko mai gadi a rumbun kasuwar hatsi ta Dawanau, ko direban babbar mota da ya yi barci inji yana aiki, ko mai haƙar rijiya da ya saukar da injin ban ruwa cikin rami, su ba mai rubuta dalilin mutuwarsu.

Yadda take aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. A cikin jininmu akwai wani sinadari, himogulobin, wanda aikinsa dako ne: ya ɗauki iskar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan ɗan dako da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, in ta hau kuwa ba ta saurin sauka. Ɗan abin da ya rage na oksijin ma sai jinin ya riƙe shi gam, ya ƙi sakar wa nama. Tana kuma taɓa tsokar zuciya kai tsaye. Tun a 1857 wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, ya bayyana wannan mannewa. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne suka fi cin oksijin, su ne kuwa ke fara galabaita. Ɗan kaɗan ya isa. In ta kai kashi 200 cikin miliyan na iskar ɗaki, mutum zai ji ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. In ta kai 800, jiri da tashin zuciya za su zo cikin minti 45, suma cikin awa biyu. In ta kai 1,600, watau ko kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba ta cika ba, tana kisa cikin ƙasa da awa biyu.

Alamun farko su ne ciwon kai, musamman a goshi, da jiri, da kasala, da tashin zuciya, da amai. In abin ya ci gaba sai bugun zuciya, da ciwon ƙirji, da haki, da gani dishi-dishi, da ruɗewa, mutum ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha giya. Daga nan sai farfaɗiya, da suma, da mutuwa. Jariri ba ya cewa kansa na ciwo, sai dai ya yi ta kuka, ya ƙi nono, ya yi amai, ko ya yi lakwas. Mugun abin shi ne gubar tana fara cin hankalin da mutum zai yi amfani da shi ya tsere. Wanda ya farka cikin dare da ciwon kai yakan ce gajiya ce, ya juya ya koma barci. Wanda ya gane akwai matsala kuwa sau da yawa ƙafafunsa sun riga sun mutu, shi ya sa akan tarar da wasu sun faɗi tsakanin gado da ƙofa. Mai barci mai nauyi, ko wanda ya sha abin maye ko maganin barci, ba ya ma kaiwa ga farkawa.

Duk wanda ya karanta waɗannan alamu zai ce ai wannan zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot, ko mura, ko kuwa sanƙarau, wanda shi ma da rani yake zuwa. A nan ake yin asara. Amma akwai abubuwan da ke rarrabewa. Wannan guba ba ta cika zuwa da zafin jiki ba, ba ta sanƙarar da wuya. Tana kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, ta bar na ɗakin da ke kusa. Mutum yakan ji sauƙi in ya fita gona ko kasuwa, ciwon ya dawo in ya kwana a ɗakin. Dabbobi ma suna ba da shaida. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya ba masu haƙar kwal shawara su riƙa shiga rami da ɓera ko ɗan tsuntsu, domin ƙaramar halitta tana faɗuwa kafin mutum, ba a kuwa daina shiga da kanari ramukan Birtaniya ba sai a 1986. Masu kiwon kaji a ƙauyukanmu, waɗanda ke ɗumama 'yan tsaki da tukunyar gawayi a ɗakin da aka lulluɓe da leda, in sun wayi gari 'yan tsaki sun zube, shi kuma yaron da ke kwana wurinsu yana kukan ciwon kai, kada su tsaya ga zargin annoba kaɗai.

Akwai wata asara ta biyu da ba a cika faɗa ba. In mutum uku sun ci tuwo tare, suka kwana, aka same su suna amai ko sun mutu, babu rauni, babu jini, zuciyar jama'a ba ta zuwa kan kasko. Tana zuwa kan wadda ta yi girki, ko kishiya, ko surukuwa, ko maƙwabcin da aka yi rikicin iyakar gona da shi. Wasu su ce sammu, wasu su ce maita, wasu su ce iskoki. Kaskon kuwa ya riga ya zama toka, an share. A ganinmu 'yan sandan Kano sun kyauta da suka fito fili da wuri suka faɗi abin da binciken farko ya nuna a Kwa, gama irin wannan bayani yana rufe ƙofar zato kafin a buɗe ta. Fasto ko dattijon ikkilisiya da aka kira gidan da irin wannan ya faru, kafin ya saurari wanda ake zargi, ya tambaya ko an kwana da wuta ko inji, ko kuma ƙofa da taga a rufe suke.

A asibiti ma abin ba shi da sauƙin ganewa, kuma ya kamata jama'a su san dalili. Tun lokacin annobar korona a 2020, ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa domin auna oksijin ya bazu har ɗakunan shan magani na ƙauye. Yana da amfani ƙwarai ga ciwon huhu, amma a wannan cuta yana yaudara. Da haske yake auna launin jini, jinin da guba ta hau kuwa ja ne wur kamar mai ɗauke da oksijin, saboda haka yana iya nuna kashi 98 ko 99 a yatsan wanda ke bakin mutuwa. Jan fata da jan leɓe da tsofaffin littattafai ke ambata ba a cika ganinsu ba sai a gawa, balle a baƙar fata. Gwajin maleriya kuma yana iya nuna ƙwayar cuta a jinin wanda ba ita ke damunsa ba, abin da ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Sai a ba shi magani a sallame shi, ya koma ɗakin da ya fito.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a auna kashi nawa na himogulobin gubar ta kama. A wanda ba ya shan taba, bai kamata ya wuce kashi 3 cikin ɗari ba, a mashayin taba yakan kai 10. Na'urar wannan gwaji ba kowane asibiti ke da ita ba, sai manya. Ko an samu ma, adadin yana sauka da zarar an fitar da mutum daga ɗakin, saboda haka wanda aka ɗauko daga ƙauye aka yi awoyi a hanya zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana iya nuna adadi kaɗan alhali ɓarna ta riga ta auku. Likita zai duba zuciya da na'ura, ya gwada tunani da tafiya, ya auna sukarin jini, mace kuma a duba ko tana da ciki. Amma abin da ya fi dukan waɗannan nauyi shi ne labarin da dangi suka bayar. Wanda ya kai majiyyaci ya buɗe baki tun a bakin ƙofa ya ce an kwana da gawayi ko janareta, ko ba a tambaye shi ba, ya kuma faɗi mutum nawa ne suka kwana a ɗakin, domin dukansu suna bukatar dubawa, har da wanda ya ce shi lafiyarsa lau.

In an ɓalle ƙofa an tarar da mutane a sume, abin farko shi ne a wangale ƙofa da taga, a kashe inji, a fid da kasko, a janyo su waje cikin sauri. Mai ceto kada ya tsaya cikin ɗakin yana jijjiga su ko yana kuka, kada kuma jama'a su cika ɗakin. Rami da rijiya sun fi hatsari, wanda ya sauka domin ceto yakan zama gawa ta biyu, a nan sai a nemi 'yan kwana-kwana. Wanda ke numfashi amma bai farfaɗo ba, a kwantar da shi ta gefe domin kada amai ya shaƙe shi, a rufe shi da bargo. Wanda ba ya numfashi, a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, har a sami taimako. Kada a ɗura wa sumamme madara, ko manja, ko ruwan tsamiya, ko wani jiƙo. Gubar tana cikin jini ne, ba a ciki ba, abin da aka ɗura kuwa huhu zai tafi. Kada a kwara masa ruwan sanyi. Wanda ya farfaɗo kada a sa shi tafiya da ƙafa, domin motsi yana ƙara wa zuciya nauyi. A nemi mota a nufi asibitin da ke da oksijin, a yi addu'a a hanya.

Maganin shi ne oksijin zalla, da yawa, da wuri. In an bar mutum da iskar Allah kawai, sai bayan awa huɗu zuwa biyar rabin gubar ke fita daga jininsa. In an sa masa abin rufe hanci da baki mai jaka, ana tura oksijin kamar lita 15 a minti, rabin yana fita cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akan ci gaba da ba shi har awa shida ko fiye, sai alamun sun gushe. Mai ciki ana daɗewa da ita fiye da haka, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar, uwa tana iya warwarewa ɗan cikin yana wahala. 'Yar robar hanci da ƙaramin injin tace oksijin da ake gani a ƙananan asibitoci ba su kai wannan ƙarfi ba, ko da yake sun fi babu, kuma injin yana bukatar lantarki, abin da rashinsa ne tun farko ya kawo janareta cikin gida. Gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin wadata asibitoci da oksijin a 2017. Abin da ya shafi mutumin Kwa ko Tumfafi ko Ganduje shi ne ko akwai cikakkiyar tukunya da abin rufe fuska a asibitin da ya fi kusa da shi da ƙarfe huɗu na asuba a watan Janairu. Wannan tambaya ce da kansiloli da kwamitocin lafiya na mazaɓu ya kamata su yi tun kafin sanyi ya shigo.

A ƙasashen da ke da hali akwai ɗakin ƙarfe da ake sa majiyyaci a matsa masa oksijin da ƙarfin da ya ninka na iskar duniya sau biyu zuwa uku, rabin gubar ya fita cikin minti 20 zuwa 30. Akan yi tunaninsa ga wanda ya suma, da mai ciki, da wanda zuciyarsa ta taɓu, da wanda adadin jininsa ya wuce kashi 25. Likitoci ba su gama yarda a kan amfaninsa ba. Wani bincike a Ostareliya a 1999 bai ga ya fi oksijin na kullum ba, wani kuma a Amurka a 2002 ya ga ya rage matsalar ƙwaƙwalwa bayan mako shida daga kashi 46 zuwa 25. Ga mutumin ƙauye dai wannan gardama ta nesa ce, kada jiran abin da babu ya hana a ba da abin da ke akwai.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen zance ba. Wasu da suka warke sarai, bayan kwana 2 zuwa 40 sai a ga sun soma mantuwa, ko halinsu ya sāke, ko sun yi shiru ba dalili, ko hannu yana rawa, ko tafiya ta gagara, ko fitsari yana zuba. Gubar ce ta bar rauni a ƙwaƙwalwa. Da yake makonni sun wuce, ba mai haɗa wannan da daren kasko, sai a ce taɓin hankali ne ko shafar iska, a yi ta yawon neman magani. In har ta kai an je asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ko wani asibiti, a gaya wa likita labarin gawayin. Da yawa daga cikinsu suna samun sauƙi cikin shekara guda, amma suna bukatar haƙuri, musamman ɗan makaranta da karatu ya soma yi wa wuya.

Ta fuskar hukuma, abin da aka gwada bai kai ko'ina ba. A watan Nuwamba na 2015 hukumar Kwastan ta ce an hana shigo da ƙaramin janaretan nan da ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", ta kuma ambaci hayaƙinsa cikin dalilai. Bai ɓace daga kasuwa ba, kuma ko da ya ɓace, babban janareta ma yana kisa, gawayi kuwa ba ta tashar jirgin ruwa yake shigowa ba. Ingila wata hanya ta bi: tun 2015 doka ta tilasta wa masu ba da hayar gida su sa na'urar gargaɗi a duk ɗakin da ake ƙona itace ko kwal, aka faɗaɗa dokar a 2022. Na'urar 'yar ƙarama ce mai batir, tana ƙara in gubar ta taru. A Amurka kuma tun 2018 masu ƙera janareta suka soma fitar da irin wanda ke kashe kansa in ya ji gubar ta yi yawa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da ikon neman irin wannan daga masu shigo da kaya, da kuma gargaɗi da Hausa a jikin kowane inji. Ƙaramar hukumar da ke da Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa tun 1977 ba ta rasa waɗanda za su iya bayyana wannan a makarantun firamare da ranar kasuwa ba.

Abin da ke hannunmu kuwa ba ya jiran doka. Sanarwa ta minti biyu a sujadar Lahadi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta cin kuɗi, maƙwabtanmu ma za su ji daga bakin matanmu a wurin ɗiban ruwa da gidan biki. Janareta ya zauna a fili, taku ashirin ko mita shida daga ƙofa da taga, bututun hayaƙi yana kallon nesa da gini. In tsoron ɓarawo ne, keji na rodi da sarƙa da kwado a tsakar gida sun fi zaure. Buɗe taga kaɗan ba ya wadatarwa ga inji, ko kusa. Majami'a da ɗakin kwanan ɗalibai da masaukin baƙi su sayi na'urar gargaɗi, a rataye ta kusa da inda ake kwana, a riƙa danna maɓallin gwaji, a kuma duba ranar da aka rubuta a bayanta, domin tana tsufa bayan shekara biyar zuwa goma. Gawayi kuwa, a ji ɗuminsa a tsakar gida ko a rumfa, a kashe shi a waje kafin a kwanta. Tsoho da mai jego da jariri, waɗanda saboda su ake shiga da wuta, a ƙara musu bargo da hula da safa, a gasa bulo ko dutse a waje a naɗe shi da tsumma, ko a cika jarka da ruwan zafi a toshe ta da kyau a ajiye wajen ƙafafu, ba tare da ta taɓa fatar jariri ba.